Gidan tarihin alƙalami: aikin ƴan sa-kai a Birmingham da abin da Arlit da Assamakka za su koya

A birnin Birmingham na ƙasar Ingila akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihi da babu takubban sarakuna ko ƙasusuwan dabbobin dauri a cikinsa. Abin da aka tara a ciki alƙaluma ne, da kwalaben tawada, da injunan da aka ƙera alƙaluman da su. Sunansa Pen Museum, an buɗe shi a watan Afrilun 2001, kuma ƴan sa-kai ne suka kafa shi, su ne kuma ke tafiyar da shi.

Dubban kilomita ne tsakanin Birmingham da Assamakka, amma labarin gidan ya shafi jihar Agadez ta fuska biyu. Ta farko, yankin Ayar yana da nasa tsohon tarihin alƙalami da tawada da takarda. Ta biyu, gidan ya samu ne a daidai lokacin da wata babbar sana'a ta mutu kuma kayanta suka fara ɓacewa, yanayin da mazauna Akokan suka sani tun bayan rufe mahaƙar COMINAK.

Abin da ke cikin gidan

Gidan tarihin yana unguwar maƙeran zinariya ta Birmingham, a cikin wani gini da ake kira Argent Centre. An gina shi a 1863 a matsayin masana'antar alƙalami ta kamfanin W. E. Wiley, wato kayan sun dawo inda aka taɓa ƙera irinsu. Akwai kaya kusan 5,000 a ciki: bakunan alƙalami na ƙarfe iri-iri, da akwatunan da ake sayar da su a ciki, da kwalaben tawada, da keken rubutu, da na'urorin rubutun makafi.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne ba kallo kaɗai ake yi ba. Ɗan sa-kai zai tsayar da mutum gaban tsohon injin hannu, ya ba shi ɗan faifan ƙarfe, ya nuna masa yadda ake yanka shi, a huda, a buga masa tambari, a lanƙwasa, sannan a tsaga bakin. Baƙo na fita da bakin alƙalamin da ya ƙera da hannunsa. A wani teburin kuma yara na gwada rubutu da gashin tsuntsu da alƙalamin kara, suna ɓata yatsu da tawada kamar yadda kakanninsu suka yi.

Yadda gari guda ya cika duniya da alƙalami

Kafin ƙarni na 19 Turawa da gashin dinya suke rubutu. Gashin na saurin dakushewa, sai an riƙa fiƙe shi, kuma ba kowa ya iya fiƙar ba. A shekarun 1820 wasu maƙeran Birmingham, cikinsu har da John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka gano yadda za a buga bakin alƙalami daga faifan ƙarfe da injin hannu, dubbai a rana guda. Farashi ya faɗi warwas, har ta kai ana sayar da su a akwati mai guda 144, kuma ɗan talaka ma yana iya mallakar abin rubutu.

A lokacin da sana'ar ke ganiyarta, kamfanoni kusan 100 ne ke wannan aiki a garin, da ma'aikata kusan 8,000, kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne. A wasu matakan aikin ana buƙatar mace guda ta sarrafa baki 18,000 a yini. Masu gidan tarihin na cewa akwai lokacin da kashi uku cikin huɗu na duk abin da ake rubutawa a duniya da alƙalamin Birmingham ake rubuta shi.

Dukiyar da aka samu ta bar alama a garin. Josiah Mason, wanda da kansa ya koya wa kansa rubutu yana yaro, ya kafa kwalejin kimiyya da aka buɗe a 1880, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Birmingham.

Fasahar ta tsallaka zuwa Faransa, inda aka kafa masana'antar Blanzy-Poure a Boulogne-sur-Mer a 1846. Daga Faransa ne bakin alƙalamin nan mai suna Sergent-Major ya shiga makarantun ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Dattawan Nijar da suka yi lakkol kafin samun ƴancin kai da ƴan shekarun da suka biyo baya suna tuna shi sarai: kwalbar tawada shunayya da ke zaune a ramin tebur, da takardar shan tawada, da faɗan mushe idan ɗigo ya ɓata shafi.

Bik ya zo, masana'antu suka rufe

Abin da ya kashe sana'ar Birmingham shi ne alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a ciki, mai ɗan ƙwallon ƙarfe a baki. Wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hungary mai suna László Bíró ne ya yi rajistar fasahar a 1938. A ƙarshen 1950 Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa, mai arha, wanda idan tawadarsa ta ƙare sai a yar. A 1965 hukumomin ilimi na Faransa suka amince ɗalibai su yi amfani da shi a aji. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 kamfanin ya ce ya sayar da fiye da biliyan 100.

Sunayen mutanen biyu sun zauna a bakin Hausawa, kuma iyakar mulkin mallaka ce ta raba su. A Kano da Katsina ana cewa biro, daga sunan Bíró ta hanyar Ingilishi. A Maraɗi da Damagaram da Arlit ana cewa bik, daga sunan Bich.

A Birmingham kuwa masana'antun sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1950 da 1960. Injuna suka tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe, takardun kamfanoni suka warwatse, ma'aikatan suka tsufa. A 1996 wasu mazauna garin masu sha'awar tarihi da masu tara tsofaffin alƙaluma suka kafa ƙungiya don ceto abin da ya saura. Shekara biyar suka yi suna tattara kaya da neman ɗaki kafin su buɗe ƙofa. Wani ɓangare na gidan yana ɗauke da sunan Philip Poole, wani mai kantin bakunan alƙalami a Landan da ya shafe rayuwarsa yana tara su.

Ba kaya kawai ƙungiyar ta ceto ba. A lokacin akwai sauran tsofaffin da suka yi aiki a masana'antun, waɗanda suka san yadda ake juya kowane inji da sunan kowane mataki. Da an ƙara jinkirin shekara ashirin, da injunan sun rage ba mai bayaninsu.

Fensir ma yana da nasa gida

A arewacin Ingila, a garin Keswick, akwai gidan tarihin fensir da aka buɗe a 1981. Shi kamfani ne ke da shi, amma dalilin kafa shi a can tarihi ne. A ƙarni na 16 aka gano wani baƙin dutse mai laushi a kwarin Borrowdale da ke kusa, wanda ake kira garafait. Makiyaya suka fara yi wa tumaki alama da shi, daga baya aka riƙa yanka shi ana sa shi cikin itace. A gidan akwai fensir mai tsawon kusan mita 8, da wasu fensirori na Yaƙin Duniya na Biyu da aka ɓoye taswira da ƴar na'urar nuna alƙibla a cikinsu domin sojojin sama da aka kama su samu hanyar tserewa.

Fensirin da yara ke riƙewa a yau kuwa ƙirar Bafaranshe ce. A 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun dutsen Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya niƙa garafait ya haɗa da yumɓu ya gasa. Yawan yumɓun ne ke sa fensir ya yi tauri ko laushi, abin da haruffan H da B da ke jikinsa ke nunawa.

A jihar Ohio ta Amurka ma wani limamin coci mai ritaya, Paul Johnson, ya tara abin fiƙe fensir fiye da 3,400 a wani ɗan ɗaki a gidansa. Da ya rasu a 2010 iyalinsa suka miƙa ɗakin da kayan ga ofishin yawon buɗe ido na yankin, shi ya sa kayan ba su watse ba. Tarin mutum guda sau da yawa yakan bi mai shi kabari idan ba a tanadi wanda zai karɓa ba.

Alƙalamin gida da hanyar da ya biyo

Tun kafin bakin ƙarfe da bik su iso, ƙasar Hausa da Ayar suna da cikakkiyar sana'ar kayan rubutu, kuma kalmomin kansu na nuna hanyoyin da ta biyo. Alƙalami daga Larabci yake, Larabawa kuma sun samo kalmar daga Girkanci, inda take nufin kara. Masana harshe na ganin takarda da tawada sun shigo Hausa ne ta bakin Abzinawa, wato ta wannan yanki na arewa. Kalmar rubutu kuwa, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a 1960, daga Barebari ta zo. A cikin jakar almajiri guda ke nan akwai sawun Larabawa da Abzinawa da Barno.

Ita takardar da aka rubuta yawancin littattafan ƙarni na 19 a kanta daga Italiya ake kawo ta. Idan aka ɗaga shafi a rana za a ga alamar jinjirin wata uku a cikinta, kuma masana'antar iyalin Galvani da ke Pordenone na cikin manyan masu yin ta. Daga Tarabulus ayarin raƙuma ke ɗauko ta, ya bi ta Ghat da Ayar zuwa Agadez da Kano. Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadez a Oktoban 1850 ya kuma isa Kano a 1851, ya lissafa takarda cikin kayan Turai da ake sayarwa a kasuwar Kano.

Alƙalamin kansa a gida ake yin sa. Ana zaɓar karan gamba ko sililin karan dawa wanda ya bushe sosai, a fiƙe shi da aska, a tsaga bakin kaɗan. Wannan tsaga ita ce ke riƙe tawada tana sakinta a hankali, kuma ita ce dai tsagar da matan Birmingham ke yi wa bakin ƙarfe a matakin ƙarshe na aikinsu. Faɗin bakin shi ke bambanta alƙalamin yaro mai koyon babbaƙu da na alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka.

Tawada ma kala-kala ce. Ta allo ana yin ta da gawayi ko baƙin tukunya a haɗa da ƙaro, domin ta wanku idan an haddace karatu. Ta takarda kuma dole ta kama ta daɗe, shi ya sa ake dafa ta, wasu da bagaruwa da ƙarfe. A Alƙur'anin da aka rubuta da hannu baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasula da ja, hamza da rawaya. Ga kurtun tawada na ɗan ƙaramin duma, ga tadarishi da ke riƙe shafuka, ga gafaka ta fata da dukawa ke ɗinkawa. Kowane ɗaya daga cikinsu sana'ar wani ce.

An adana rubutun, saura kayan aikin

A Nijar an yi ƙoƙari wajen adana tsofaffin littattafai. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana da kusan 4,000, kuma Boubou Hama ne ya fara tara su lokacin yana shugaban majalisar dokoki. A Najeriya akwai Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Timbuktu iyalai ne suka riƙe ɗakunan littattafai na kaka da kakanni, kuma su ne suka kwashe dubban ɗaruruwa zuwa Bamako a 2012 lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin.

A duk waɗannan wurare hankali ya fi karkata ga abin da aka rubuta. Alƙalamin kara da kurtu ba a ɗauke su abin ajiyewa ba, saboda arharsu da kuma ganin cewa suna ko'ina. Har yanzu ana sayar da su a kasuwar Kurmi ta Kano da sauran kasuwanni, kuma makarantun allo na amfani da su kullum. Sai dai kwalbar roba na maye gurbin kurtun duma, littafin ɗab'i na rage buƙatar mai kwafa da hannu, kuma sanin yadda ake haɗa jar tawada ko rawaya yana kan dattawa ne da ba su rubuta shi ba. Haka abin ya kasance a Birmingham: ba wanda ya ga darajar bakin ƙarfe sai da aka daina ƙera shi.

Agadez ba baƙuwa ba ce ga ƙaramin wurin tarihi da mutanen unguwa ke kula da shi. A tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, har yanzu ana nuna wa baƙi gidan da Barth ya sauka.

Arlit, Akokan da Assamakka

Garuruwan yuraniyom ba su daɗe ba, amma sun riga sun tara tarihi. An kafa Arlit a 1969, SOMAIR ta fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK kuma a 1978 a Akokan. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta daina aiki bayan ta haƙo kusan tan 75,000, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila.

Shekarun farko na waɗannan mahaƙai kafin kwamfuta ne. Da hannu aka zana taswirar ramuka, da hannu aka cika rajistar ma'aikata da takardun albashi da katin asibiti. Alƙaluman zane na masu awon ƙasa, da fensirorin launi da ake bambanta duwatsu da su a taswira, da keken rubutu na ofisoshi, da littattafan ɗaliban makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadez, duka shaida ne na yadda aka gina garuruwan. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun koma garuruwansu na asali a kudu, kuma kowa ya tafi da akwatinsa da abin da ya sani.

A Assamakka, mai tazarar kimanin kilomita 200 daga Arlit a kan hanyar Tamanrasset, alƙalami bai zama kayan tarihi ba tukuna. Nan ne ƙofar Nijar ta ɓangaren Aljeriya, kuma nan ne baƙin haure da aka koro ke isowa bayan tafiyar kilomita 15 a ƙasa daga wurin da ake kira Point Zéro. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Da yawansu na isowa ba waya a hannu, don haka lambar ɗan'uwa da aka rubuta da bik a guntun takarda ita ce ke haɗa mutum da gida. A gari irin wannan, inda ruwa da magani da wurin kwana suka fi gaggawa, ba wanda zai sa gidan tarihi a sahun gaba. Abin da misalin Birmingham ke nunawa shi ne aikin ba ya farawa da gini ko kasafin gwamnati.

Abin da irin wannan aiki ke buƙata

Abu na farko shi ne rajista. Kayan da ba a rubuta daga inda ya fito, da wanda ya yi amfani da shi, da shekarar ba, tarkace ne kawai. Kurtu guda da aka san malamin da ya yi rubutu da shi da garinsa ya fi kwando cike da waɗanda ba a san asalinsu ba.

Na biyu shi ne muryar masu sana'ar. Wayar hannu ta isa a naɗi yadda alaramma ke fiƙe alƙalami, ko yadda tsohon mai zanen taswira na COMINAK ke bayanin kayan aikinsa, da Hausa ko Tamajak ko Faransanci.

Na uku shi ne wurin ajiya. Bushewar hamada na taimakon takarda da kara, amma gara da ƙura da ruwan bazata ba sa ragawa. Ambaliyar da ta auka wa Agadez a Satumban 2009 ta rusa dubban gidajen ƙasa. Ko a Ingila ambaliyar Disamban 2015 ta shiga gidan tarihin fensir na Keswick, bai sake buɗewa ba sai a 2017. Akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa a ɗakin makaranta ko ɗakin karatu na gari ya isa a fara da shi.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne ɗorewa. Gidan Birmingham na rayuwa ne da kuɗin shiga da gudummawa da ziyarar makarantu, kuma ya rufe ƙofa a 2020 lokacin annobar korona kamar sauran gidajen tarihin Ingila. Ƴan sa-kai na tsufa, suna gajiya, suna ƙaura. Abin da ya riƙe shi fiye da shekara ashirin shi ne tun farko ƙungiya ce mai rajista ta mallaki kayan, kuma an riƙa koya wa sababbin shiga yadda ake juya injunan.

A Arlit da Agadez akwai ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata, da malaman lakkol, da malaman allo, da dukawa masu ɗinka gafaka. Kayan suna cikin akwatunansu, kuma waɗanda suka san sunan kowane abu da amfaninsa suna nan da rai. Waɗanda suka fara aiki a mahaƙar SOMAIR a 1971 suna da shekara ashirin, yau sun haura saba'in.